Ranar da Na Gasa Gogen Turawa a Lyon

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali a fada ba. Wannan ya ce Lawali ba mu labarin Faransa, wancan ya ce an ce ka yi ɓarna a can. Har Malam Habu mai gyaran babur, wanda bai taɓa wuce Mirriya ba, ya tare ni a hanya yana cewa ya ji wai na ƙona kayan wata Baturiya. Ban ƙona komai ba. Amma tun da labarin ya riga ni isowa Damagaram, gara ku ji shi daga bakin mai shi.

Kun san ni da yawo. Na kai fata Tarabulus, na kwana tasha a Lome, na yi wata guda a Dubai ina jiran kaya. Faransa ce kawai ban taɓa takawa ba, alhali ƙanwata Rabi ta kusa shekara talatin a can. Tun rasuwar mijinta take cewa in zo. Takardu suka ja ni wata da watanni, har na fid da rai, sai ga biza ta fito a daidai shigowar sanyinsu.

Daga nan zuwa Yamai ba sai na faɗa muku ba, kun san motar kar da kujerunta. Wanda ya zauna kusa da ni wani bawan Allah ne daga Gure, ya yi barci a kafaɗata tun daga Tasawa, ya farka a Dosso ya ce mini hanyar nan ta yi gajarta. Daga Yamai jirgi ya kai mu Kazablanka, muka sake wani, da safe muka sauka Paris.

Ɗan sandan iyaka bai ba ni wahala ba. Ya nemi takardar masauki, na kwance leda ta farko, na kwance ta biyu, ina cikin kwance ta uku ya ce in bari, ya buga mini hatimi. Wahalar tana gaba, wurin duwan, masu binciken kaya. Wani kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna gaban balis ɗina, akwatin kayana, ya natsu, kamar wanda ya zo ɗaukar karatu. Aka buɗe. Kilishin da matata ta sa aka yi wa Rabi, mai yaji da mara yaji, duk suka tattara, suka ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Kuka da busasshiyar kuɓewa suka bar mini. Da ma'aikacin ya buɗe kwalbar daddawa, ya ja da baya taku biyu, ya rufe da kansa, ya ce in tafi lafiya. Karen ne kawai ya raka ni da ido har ƙofa.

Rabi tana Saint-Denis, arewa da Paris, a hawa na tara. Asansar, ɗan ɗakin da ke hawa bene da mutane, ya lalace ranar da na iso, don haka na shiga gidan ƙanwata ina haki kamar wanda aka koro. Muka gaisa, muka yi kuka kaɗan, ta tambayi kowa da kowa har da waɗanda suka rasu tana nan. Ta tambayi kilishi. Na ce karen gwamnati ya karɓa a madadinta.

Ana cikin haka ƴarta Balkisa ta shigo. Rabona da ita tana da shekara shida, ranar da suka zo hutu ta ƙi cin tuwo. Yanzu budurwa ce doguwa, shekara ashirin da shida, ta goyo wani akwati a baya wanda ya kusa kai tsawonta. Ta durƙusa da akwatin nata ta gaishe ni da Hausarta mai gauraye da Faransanci.

Na ce, “Rabi, ƴarki gawa take ɗauka?”

Rabi ta ce, “Yaya, tambaye ta. Ni na gaji.”

Abin da ke cikin akwatin shi suke kira biyol. Ku ɗauka goge ne, amma babba, na itace, mai tsirkiya bakwai, da kan wata mata a sassaƙe a samansa. Ana zama a kan kujera a riƙe shi tsakanin ƙafafu. Irin kayan kiɗan da ake yi wa sarakunan Faransa ne shekara ɗari uku da suka wuce, su kansu Turawan sun daina amfani da shi, sai wasu ƴan tsiraru da suka ce sai sun ji kiɗan kamar yadda kakanninsu suka ji shi. Ba lantarki, ba lasifika. Tsirkiyar ma ba ta ƙarfe ba ce, hanjin rago ne aka murɗe aka busar.

Na ce, “Hanjin rago?”

Rabi ta ce, “Ka ji. Duk layyar da muka yi a gida, ashe kiɗa muke soyawa.”

Muna cin abinci na gane zancen ba na dariya ba ne kawai. Balkisa ta yi shekara goma sha tana koyon abin nan, tana aikin kanti da rana don ta riƙe kanta. Wata ƙungiya ta mutum huɗu ta rasa mai biyol, suka ɗauke ta gwaji na wasa uku. Ta yi biyu. Na uku shi ne a Lyon ranar Lahadi, daga shi za su ce ta zauna ko ta tafi. Kuma ta yi wa uwarta alkawari cewa in suka ce ta tafi, za ta ajiye kiɗa ta koma karatun farmasi da ta bari. Rabi ta faɗi wannan sau uku a zama ɗaya, tana duban ni, don in zama shaida.

Kashegari Balkisa ta ce in raka ta wurin gwajinsu a Montreuil. Nan na ga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mai lamba goma sha uku. Na shiga kar ta Agadas ranar jajiberin salla, amma ban taɓa ganin mutane a matse haka ba kuma kowa shiru. Hancina a wuyan wani, gwiwar wata a cinyata, ba mai ce wa wani sannu. Na ce wa na gabana ina kwana, ya duba aljihunsa.

Wurin gwajin tsohon shagon kafinta ne. Shugabarsu wata dattijuwa ce, Madam Odil, gajeriya, farin gashi an yanke shi kamar na soja. Ita ke kaɗa kilabsan, wani akwati mai kama da piyano, sai dai muryarsa siririya ce kamar ana tsinkar waya da farce. Akwai masu ƙananan goge biyu, wata ƴar Japan da wani dogo mara magana. Akwai kuma Tibo, mai gemu da fara'a, wanda ke riƙe da wani molo mai wuyan raƙumin dawa. In ya juya, kowa sai ya sunkuya.

Tun a hanya Balkisa ta gaya mini cewa biyol ɗin ba nata ba ne. Na mijin Madam Odil ne, wanda ya rasu. Ya yi shekaru a rufe, ita ce ta farko da aka ba aro.

Na zauna a lungu na saurara. Gaskiya da farko na ɗauka ba su fara ba. Sun fi minti goma suna murɗa kunnuwan kayan kiɗan suna daidaita murya, wannan ya ja, wancan ya saurara. Da suka fara kuwa, abin a hankali yake, kamar dattawa biyar suna hira a zaure ba mai ɗaga wa wani murya. Na Balkisa shi ne na ƙasa, mai kauri, kamar muryar babban yaya. Madam Odil ba ta yabo. In abu ya yi mata, sai ta ɗaga gira ɗaya ta ci gaba. Na ƙirga girar nan sau biyu a kan Balkisa, na riƙe a raina don in kai wa Rabi.

Da rana muka ci abinci a wani gidan ƴan ci-rani da ke kusa, inda matan Mali ke dafa shinkafa da miyar gyaɗa a manyan tukwane. Nan na sami mutanen Tawa biyu da wani ɗan Maraɗi. Suka tambaye ni abin da ke cikin akwatin yarinyar. Na ce goge. Ɗan Maraɗin ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Lallai Turawa sun ƙoshi.”

Ranar Asabar muka kama hanyar Lyon. Rabi ba ta zo ba, ta ce ƙafarta, amma na san zuciyarta ce ba za ta iya ba. Jirgin ƙasansu awa biyu ya yi a tafiyar da kar za ta yi wuni. Na buɗe gyaɗa na miƙa wa matar da ke kusa da ni, ta ce ta gode, ta matsa. A gida wanda ya ƙi gyaɗarka a mota sai ka binciki abin da ka yi wa danginsa.

Masaukinmu a Minguettes ne, wata unguwa ta dogayen benaye a kudancin gari, gidan Alhaji Sabo, abokin marigayi mijin Rabi. Bakano ne, yana sayar da turare da atamfa. Kun san tsakaninmu da Kanawa. Tun a ƙofa ya ce wa matarsa ta ɓoye cokula, Badamagare ya iso. Na ce cokulan Kano ai mun gama kwashe su tun zamanin kakanni. Matarsa ta yi mana tuwon semo da miyar kukar da na kawo, sannan ta kawo wani abin garin da suke kira kenel, curin kifi da fulawa, kamar ɗan wake da ya je makaranta. Na ci uku don kada a ce ban waye ba.

To, ga inda aka zo.

Ranar Lahadi da safe Balkisa ta ce za ta fita ta taka ƙafa, haka take yi duk ranar wasa don hankalinta ya kwanta. Za su yi gwajin ƙarshe ƙarfe biyu, wasa ƙarfe biyar. Ta ce, “Kawu, ka sa mini ido a kan biyol.” Na ce ta tafi abinta.

Na leƙa ɗakin da ta kwana. Ta kashe shofaj, wato ƙarfen ɗumama ɗaki da ke manne a bango, ɗakin ya yi sanyi kamar randa. Na buɗe akwatin na taɓa cikin biyol ɗin, sanyi ƙarara. Na duba gefe, sai ga wani ɗan soso a jiƙe cikin leda mai huji. Raina ya ɓaci. Na ce yaran zamani, an ba ki amanar kayan mamaci, kin bar shi cikin sanyi da laima.

Ku da kanku kun sani, duk wanda ya tashi a unguwarmu ya ga makaɗa da safiyar sanyi. Ba mai fara kiɗa sai ya kai gangarsa bakin wuta ya gasa fatar, ya ɗan buga, ya ƙara gasawa, har ta ɗauki murya. Mai goge ma haka yake yi wa fatar guzarsa a kan garwashi. Da wannan ilimin na matse soson nan tas na ajiye shi a taga. Na ɗauko biyol da hannu biyu, da bisimilla, na kai falo na jingina shi a jikin shofaj.

Alhaji Sabo ya fito da kofin shayi ya tsaya yana kallo. Na yi masa bayani. Ya gyaɗa kai ya ce haka ake yi a Kano ma, sai dai wannan shofaj ɗin ba shi da ƙarfi. Ya shiga ɗaki ya ɗauko wata ƴar hita ta lantarki da yake gasa gwiwoyinsa da ita, ya kunna, ya saita ta a gaban biyol ɗin. Ku riƙe wannan, don shi ba zai faɗa muku ba.

Muka zauna muna hira, ina tashi lokaci-lokaci ina juya shi don ko'ina ya samu. Mun yi kamar minti arba'in, sai muka ji tas. Tsirkiyar sama, mafi siranta, ta tsinke ta nannaɗe kamar jelar ɓera. Na taɓa wuyansa, sai na ji ɗaurin hanjin da aka zagaya masa, inda ake danna yatsa, suna zamewa sama da ƙasa.

Alhaji Sabo ya kashe hitarsa da ƙafa, ya tura ta bayan kujera. Ya ce, “Malam Lawali, ka yi gyaran gangar Auzinawa.”

Balkisa ta shigo da burodi a hannu. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ajiye burodin a ƙasa, ta ɗauki biyol ɗin ta kai ɗakin sanyi, ta kunna fitilar waya tana bin jikinsa a hankali. Na tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, “Kawu, itace ne. Zafi yana tsaga shi. Soson nan don kada ya bushe ne.”

Na ce, “Ya tsage?”

“Ban gani ba. Ban sani ba.”

Tana da wata tsirkiyar a ajiye, ta ɗaura. Ta cusa ƴan guntayen ashana ƙarƙashin ɗaurin wuyan don su tsaya. Amma ta ce sabuwar tsirkiyar hanji sai ta kwana biyu tana miƙewa kafin ta zauna. Yau duk bayan ƴan mintoci muryarta za ta faɗi, a gaban jama'a, a ranar da ake auna ta.

Sannan ta ce, “Bon. Zan ce da kanta ta tsinke. Suna tsinkewa ai.”

Na ce, “In kuma akwai tsaga a ciki da ba ki gani ba, ta fito bayan wata guda?”

Ta ci gaba da murɗa kunnen tsirkiyar.

Na ce, “Ni na yi, ni za a kai. Ba za ki fara zama da mutane da ɓoye-ɓoye a kaina ba.”

Ta ce, “Kawu, a nan ba a yin haka. Ba a zuwa da dangi wurin aiki.”

Alhaji Sabo, wanda ke bayana, ya ce ai ba a taɓa kayan marigayi a aika da saƙon waya. Ban haƙuri sai da babba. Kafin mu ankara ya shiga ya sa babbar riga, ya ɗauko goro fari a ƙunshi cikin firij. Ya ce ni in yi shiru, mai laifi ba ya magana, shi zai yi.

Wasan a wata tsohuwar majami'a ne a tsohon gari, bakin kogi. Muka shiga ƙarfe ɗaya da rabi: Alhaji a gaba, ni a tsakiya da hula a hannu, Balkisa a baya kamar wadda za a kai wa alƙali. Madam Odil tana sunkuye cikin kilabsan ɗinta da ɗan makulli tana daidaita wayoyi. Ta ɗago ta gan mu.

Faransancin Alhaji na kasuwa ne, ya ishe shi sayar da turare amma bai kai na ban haƙuri ba. Don haka ya yi da Hausa, ya sa Balkisa ta fassara. Ya tambayi lafiyar Madam, da gajiya, da sanyi, da iyali. Ya yi wa mijinta ta'aziyya, mutumin da ya shekara takwas da rasuwa. Ya ce ɗan Adam ajizi ne. Ya ce wannan da ta gani a tsaye dattijo ne a garinsu, sai dai Badamagare ne, kuma ba a zaɓar wa mutum inda za a haife shi. Balkisa ta tsallake wannan. Sannan ya faɗi abin da na yi dalla-dalla, da soson da shofaj. Hita ba ta fito a bakinsa ba. Ya ajiye goro a kan murfin kilabsan, Madam ta ɗauke shi da sauri ta miƙa wa Tibo.

Madam ta miƙo hannu. Ta karɓi biyol ɗin, ta zauna, ta kwantar da shi a cinyarta. Ta bi shi da tafin hannu, gaba da baya, ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa tana kara kunne, ta leƙa ciki ta ramin gefe. Na yi tafiya cikin Sahara da mota mai yoyon mai, ban ji tsawon lokaci irin na ranar ba. A ƙarshe ta miƙa wa Balkisa ta ce bai tsage ba.

Sai ta juyo gare ni ta yi tambaya. Balkisa ta ce, “Tana so ta san dalilin da ya sa ka yi.”

Alhaji ya ce in yi shiru. Na ce wannan kam ni aka tambaya. Na gaya mata yadda makaɗanmu ke gasa ganga. Ta saurara har ƙarshe, ta ce fata tana son wuta, itace da hanji ba sa so, kuma duk ƙasar nan ba wanda ya taɓa yi wa biyol wannan gatan. Tibo ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta dubi Balkisa ta ce tsirkiyar za ta faɗi, ta sani ko? Balkisa ta ce ta sani. Madam ta ce to, a fara.

Ƙarfe biyar majami'ar ta cika, yawanci tsofaffi da manyan riguna na sanyi. Mu biyu muka zauna a baya. Ban taɓa shiga majami'a ba sai ranar, Alhaji ya ce shi ma haka, kuma in na faɗa a Kano zai musa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne shirun. Ba mai guɗa, ba mai kirari, ba mai tashi ya taka. Tari ma riƙe shi suke yi sai an kai ƙarshen waƙa, sannan kowa ya saki nasa gaba ɗaya kamar asibiti.

Suka yi ta farko lafiya. Da aka tsaya, na ga hannun Balkisa ya tafi kunnen tsirkiyar nan. Sai na ga Tibo shi ma ya kama murɗa nasa, yana ɓata fuska kamar molon ya yi masa laifi. Ƴar Japan ta ɗaga nata goge ta kara a kunne. Dogon nan ma haka. Madam ta ba su murya ɗaya a kilabsan, ta sake ba su, ba ta gaggawa. Bayan ta biyu haka, bayan ta uku haka. Kowane tsayawa sai duk su biyar sun duƙufa suna gyara.

Alhaji ya raɗa mini, “Mutanen nan gyaransu ya fi kiɗansu yawa.”

Na ce, “Kai dai yi shiru, mai hita.”

Kusa da ƙarshe akwai wadda Balkisa ke yi ita da Tibo kawai, mai tafiya a hankali. Ban san abin da waƙar ke cewa ba, ba ta da kalmomi. Na dai ga yarinyar da ta ƙi cin tuwo a gidana ta rufe ido tana jan bakan biyol ɗin, ɗaruruwan mutane sun riƙe numfashi. A can wajen ƙarshe na ga ta ɗan matsa yatsa sama, ta karkata kai, na gane tsirkiyar ta fara sauka tana bin ta da hannu. Ta kai waƙar gida. Wata tsohuwa a gabana ta cire tabarau tana gogewa.

Bayan an tashi muka same su a ɗan ɗakin baya suna rufe kaya. Balkisa na zaune a kan benci, idonta ja. Na ce mata ai an yi sa'a, yau kowa kayansa sun ba shi wahala, ba ita kaɗai ba.

Ta ce, “Kawu, kayansu lafiya lau suke. Ba wanda ya buƙaci gyara sai ni. Sun yi ne don kada a gane wace ce.”

Na dubi Tibo, yana ta kokawa da akwatin raƙumin dawansa, ko kallonmu bai yi ba. A gida mun san rufin asiri, muna roƙon Allah shi safe da yamma. Ban zaci zan gan shi a hannun mai gemu da molo a cikin majami'a ba.

Madam Odil ta zo da mayafinta a wuya da jaka a hannu. Ta ajiye wani kundin takardun kiɗa mai kauri a cinyar Balkisa, ta yi magana gajeriya, ta dube ni ta ƙara wata, ta fita. Balkisa ta rungume kundin ta kifa kai a kansa.

Alhaji ya ce, “Ke, fassara mana, mu ba mu ji ba.”

Ta ɗago ta ce, “Ta ce Talata ƙarfe goma a Montreuil. Kundin nan na wasannin shekara ne gaba ɗaya. Ta ce biyol ɗin ya zauna a wurina.”

Na ce, “Alhamdu lillahi. Ni fa, me ta ce a kaina?”

“Ta ce kana iya zuwa duk wasan da ka ga dama. A kujerar baya, hannu cikin aljihu.”

Na ce na karɓi hukuncin, ko alƙalin Damagaram ba zai yi mini sassauci haka ba. Alhaji Sabo ya ce shi ya san ban haƙurinsa ba ya faɗuwa ƙasa. Na bar shi da wannan, gidansa muke kwana.

Balkisa ta ciro waya ta kira uwarta. Na ji muryar Rabi daga inda nake tsaye, ko sallama ba ta jira ba ta ce, “Yaya aka yi?” Balkisa ta gaya mata. Sannan Rabi ta ce, “To. Allah ya sa albarka. Na gaba a Paris ne? Ki kama mini kujera a gaba, ba na gani daga nesa.”

Abin da ya faru ke nan, ba ƙari ba ragi. Yanzu a zuba mini na biyu, kafin ya huce.